Tayil a Kan Gidan Dara

Gara in faɗa da bakina tun wani bai riga ni ba: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Na duba gabas na duba yamma ko zan sami wanda zan ɗora wa rabin wautar, ko mai shago, ko mai sa tayil, ko 'yata da ta tsiro da maganar, amma kowa na same shi da gaskiyarsa. To, tunda kayan nawa ne, bari in ɗauka da kaina.

Ni dai ba wani ilimi ne da ni ba. Aji huɗu na yi a firamare, mahaifina ya ga ina neman in fi ƙarfin fartanya, ya cire ni. Sauran karatun a bakin ƙofar ofis na yi shi, domin na shekara da shekaru ina masinja a wata ma'aikata a Abuja, in bi motar safe daga Suleja, in dawo a ta yamma. Wanda ya daɗe yana ɗaukar fayil, ko bai san abin da ke ciki ba, yakan koyi tafiyar masu shi. Da na yi ritaya, wannan tafiyar na dawo da ita gida, kuma ita ce ta kai ni ta baro.

Gidanmu tsohon gida ne a cikin gari, irin mai zaure. Ƙasan zauren daɓe ne tun na zamanin kakana. A kusurwar dama in ka shigo, daɓen ya daɗe da mutuwa, sai muka zuba rairayi a wurin muka haƙa gidajen dara. Ga yaran yanzu da ba su san ta ba: ramuka ne ƙanana, layi biyar, shida-shida. Mutum biyu su zauna gwiwa da gwiwa, kowa da 'ya'yansa, wanda ya jera uku sai ya cire ɗan abokinsa ɗaya. Ni tsakuwa nake sawa. Abokin karawata kuwa guntayen kara yake sokawa a tsaye cikin ramin.

Abokin karawar nan wani Bakano ne, tela, wanda ya zo garin nan da keken ɗinkinsa tun ana kiran garin Abuja, kafin mu ba da aron sunan a hana mu. Gidansa na ƙarshen layinmu. Mu mutanen Suleja Zazzagawa ne na asali, kuma kowa ya san abin da ke tsakanin Bazazzagi da Bakano, ba a gaisawa sai da tsiya. Ni in ce masa mutumin da zai sayar da inuwarsa in ya sami mai tayi, shi ya ce mini mai dogon Turanci aljihu wayam. Kullum bayan la'asar zai shigo, ya yi sallama a taƙaice kamar da kuɗi ake sayenta, ya zauna, ya ci ni, ya tashi. Nakan ci shi jefi-jefi, kamar yadda akan sami yayyafi da rani.

Akwai abin da ban sani ba a lokacin, kuma ba zan ɓoye muku shi kamar yadda aka ɓoye mini ba. Idanun mutumin nan sun tafi. Ba rana ɗaya suka tafi ba, a hankali suka riƙa janyewa, har ya zama ba ya ganin komai sai haske da duhu, sai inuwar mutum in ya gitta. Da ya bar ɗinki ya ce bayansa ne, na yarda. Da ya fara yawo da lema ko da rani yana dogara ta, na ce rowa ce ta hana shi sayen sanda. In zai yi wasa sai ya bi ramukan da yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa in ce Bakano ko a dara sai ya lalube kaya kamar zai taya. Ashe da hannu yake karanta darar: ga rami, ga tsakuwa tawa, ga kara nasa. Majalisarmu ta da ta riga ta watse, wasu sun rasu, wasu 'ya'ya sun kwashe su zuwa Kubwa da Gwagwalada. Shi kaɗai ya rage mini. Shi kuma, kamar yadda na gane daga baya, kusurwar nan ta zaurena ita kaɗai ta rage masa inda rashin ido bai rage shi da komai ba.

Maganar tayil 'yata ta biyu ce ta kawo ta, wadda ke aikin jinya a Abuja. Ta zo mana da damina, ta tarar simintin ɗakin uwarta ya farfashe, sanyi na tasowa ta ƙarƙashin leda, tururuwa na fita da shiga kamar su suka gina gidan. Ta ce za ta sa tayil a ɗakin, da falo, da banɗaki, amma ita ba ta da lokacin zaga shaguna, ni zan zaɓo. Sai ta ƙara da cewa, "Ai Baba kai ka san abu mai kyau." Ba a faɗa wa tsohon masinja irin wannan magana.

Nan take na tuna ofishin babban sakatarenmu, inda nakan tsaya da fayil a hammata ina kallon fuskata a ƙasa. Na ce ai zaure shi ne fuskar gida, ba zai yiwu a yi wa ciki kwalliya a bar fuska da ƙura ba. 'Yata ta ce ba komai, a haɗa da shi. Mai ɗakina ce ta ce a bar zaure yadda yake. Na tambaye ta dalili, ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, ta mayar ta rufe, sannan ta ce, to darar taku fa?

A nan ne ilimina na aji huɗu ya motsa. Na ce mata ai tayil shi kansa dara ce. Mene ne tayil in ba gida-gida ba? In aka sa ƙanana, sai a ƙirga biyar nan shida nan, ga gidajen dara a shirye, ba haƙa, ba rairayi a ƙarƙashin farce, ba akuyar da za ta shigo ta tattake. Na ji daɗin wannan tunani har na yi mamakin yadda Turawa ba su riga ni ba. Ita dai sai ta ba ni umarnin abin da ya shafe ta: kada in kawo mata fari, don fari ɗan tonon asiri ne, kuma na banɗaki ya zama mai kaushi, ita ba ta shirya karaya da tsufa ba.

Ranar da zan je saye na biya wa Bakanon. Na ce masa ya zo ya raka ni, ko banza ya yi amfani sau ɗaya a rayuwarsa, tunda ciniki ne gadonsu. Ya ɗauko lemarsa. Muka hau napep zuwa Madalla, inda shagunan kayan gini suke jere a bakin titi. Wanda bai taɓa zuwa wurin da hantsi ba bai san ƙyalli ba. An jingina tayil a waje layi-layi, rana na dukansu suna rama mata a idon mai wucewa, ga masai na zamani farare an jera su a fili ba kunya, ga tirela na wucewa ƙasa na girgiza. Ni ina ta ƙifta ido. Mutumina kuwa ko a jikinsa, na ce a raina idon Bakano ya saba da ƙyallin kaya.

Mai shagon da muka shiga wani Ibo ne mai ƙiba, Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai takan karkace a wasu kwanoni. Ya kira ni Baba Alhaji, ni da ko filin jirgi ban taɓa kwana ba, ban kuwa gyara masa ba. A bakin shagon akwai 'yar matattakala. Ni na haye abina. Da na waiwaya sai na ga mai shago ya riƙo hannun Bakanon yana hawo da shi, ya ture wani kwali daga gabansa da ƙafa, ya jawo masa kujera. Har na ji haushi. Na ce wa mai shago ya lura da kyau, ni ne mai sayen, wancan ɗan rakiya ne, ko ruwan leda ba zai saya ba.

Daga nan aka shiga karatu. Ashe tayil ma ƙabila-ƙabila ne. Akwai ɗan Sin, akwai ɗan Sifen, akwai wanda ake yi a nan gida. Akwai na bango, akwai na ƙasa. Akwai mai sheƙi kamar an shafa masa man shanu, akwai mai kaushi kamar harshen kyanwa, akwai wanda aka yi wa zanen katako don ya yaudari baƙo. Mai shago ya juya ɗaya ya ɗiga masa ruwa a baya, wai in ya shanye da sauri ba shi da ƙarko. Ni kuma don kada a raina ni, sai na riƙa ɗaga kowane ina ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ina kasa kunne, kamar mai sayen tukunyar Gwari. Ban san abin da nake saurare ba, amma nakan girgiza kai in ajiye, kuma na lura girmana na ƙaruwa.

Na mai ɗakina bai ba ni wahala ba, tunda da umarni na zo. Na ɗaukar mata mai ruwan ƙasa, da mai kaushi na banɗaki, kuma har yau ba ta kuka da su. Da aka zo kan zaure ne na miƙe tsaye na gyara hula. Na ce ƙanana nake so, waɗanda ba su fi tafin hannun ƙato ba, masu sheƙi, masu santsi. Mai shago ya ce irin waɗannan an fi sa su a bangon kicin, a ƙasa kuwa manya ake yayi. Na ce masa ni ba yayi na zo saye ba, tsari ne da ni. Ya ce kuɗina ne, ya shiga ciki ya fito da su.

Duk wannan abin da ake yi, Bakanon na zaune an tara masa samfura a cinya, yana shafa su ɗaya-ɗaya da tafin hannu. Can sai ya tsaya a kan wani mai kaushi, wanda gefensa ya ɗan nutsa, in an jera shi tsakanin kowane biyu sai ya bar kwari. Ya daɗe yana bin gefen da babban yatsa. Ya ce in da shi ne, wannan zai ɗauka. Na karɓa na duba, abu ba kyan gani, launinsa kamar tuwon da ya kwana. Na ce na san dalili, ya ji a jikinsa shi ne mai araha. Mai shago ya yi dariya kaɗan, ya dubi mutumina, ya daina.

Ƙananan nan kala biyu ne, fari tas da mai ruwan madara. Na ɗauki ɗaya a kowane hannu na kai su gaban fuskarsa.

"Kai Bakano, wanne ya fi kyau?"

Ya ɗaga kai ya fuskanci wajen da muryata take. "Wanda ka fi so shi ya fi."

"Yau kuma? Ko zazzaɓi kake ji?"

"Zaurenka ne," in ji shi.

Tunda muke bai taɓa bar mini magana ba sai ranar. Na ɗauka girmana ne ya kama shi a bainar jama'a. Na zaɓi farin. Aka buɗe kwalaye ana duba masu tsagewa, mai shago ya ce in ƙara kwali ɗaya a kan lissafi, don in ya ƙare ba lalle a sake samun launin da zai dace ba. Aka loda a a-kori-kura, ni da mutumina muka matsu a gaba kusa da direba. Har muka iso gida ni kaɗai nake magana, ina bayyana masa yadda dara za ta shiga zamani.

Wanda ya yi aikin wani ɗan Kwatano ne, shiru-shiru, mai zare da ɗan katakon awo. Ya gama cikin gida, ya fito zaure. Ina tsaye ya sa shebur ya kwashe rairayin kusurwar nan, ramukan da muka shekara muna gyara bakinsu da yatsa suka tafi a cikin baro ɗaya. Ban ji komai ba, Allah ya sani, sai ɗoki. Har na ƙara masa da umarni: tsakanin tayil da tayil ya cike shi da farin siminti ya goge sumul, kada ko farce ya sami wurin maƙalewa. Ya yi yadda na ce. Yaron ya iya aikinsa, da ma bai iya ba.

Sai wata matsala ta taso wadda babban tunanina bai hango ba. Kara ba ya tsayuwa a kan tayil, tsakuwa kuma gangarawa take yi. Ban karaya ba. Na je wurin mai shagon lemo na tsinto murafun kwalba, ja da kore, na wanke su. Girmansu ɗaya, nauyinsu ɗaya, bakinsu ɗaya, ba abin da ya raba su sai launi. Na ce to, yanzu dara ta zama ta 'yan boko.

Ranar da aka buɗe zauren maƙwabta suka shigo gani. Kowa ya tuɓe takalmi tun daga waje, ana taka ƙasa a hankali kamar an shiga gidan gwamna, ana sa albarka. Bayan la'asar sai ga Bakanon. Yana sa kan lemarsa a ciki ta zame, ya yi taga-taga ya dafa bango. Na ce masa ya bi a hankali, wannan ba kasuwar ƙauye ba ce. Ya lallaɓa ya zauna a inda ya saba zama. Na zuba masa koraye a gabansa, na riƙe jajaye.

Ya miƙa hannu kamar kullum. Yatsun suka yi gaba, suka yi dama, suka dawo, ba su sami abin kamawa ba. Ya ce, a hankali, ina gidajen? Na ce ga su nan a gabansa reras, ko sai na ara masa tabarau? Wannan magana ita ce har yanzu in na tuna nakan ji kamar na taka ƙaya. Ya ɗauki murfi ya ajiye, rabi a gida rabi a kan layi, na gyara masa ina tsaki. Muka fara. Na ci shi. Muka sake, na kuma cinye shi, cin da ban taɓa yi masa irinsa ba. Na dubi maƙwabta na ce su zama shaida, ashe duk shekarun nan rairayi ne ke taimakon Bakano, yau da aka zo wurin tsabta ga shi nan. Ba wanda ya yi dariya sosai, na ɗauka hassada ce.

A wasa na uku ne ya miƙa hannu ya ɗauki jan murfi, nawa, ya matsar da shi. Na cafke wuyan hannunsa na ɗaga sama, na ce jama'a ku ga ɓarawo da rana tsaka, abin da ya saba yi a awon yadi yau ya kawo shi dara. Na jira ya rama, don irin wannan ce abincinmu. Wani maƙwabcina ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Mutumina ya zare hannunsa a hankali, ya ajiye murfin.

"Na tuba, ranka ya daɗe," in ji shi.

Ya lalubi lemarsa, ya ce magariba ta gabato, alhali rana na nan da sauranta. Ya bi bango ya fita.

Bai dawo ba. Washegari na jera murafu na jira, shiru. Na ce fushin wanda aka ci ne, zai huce. Kwanaki suka yi ta tafiya. A masallaci mukan haɗu, sai ya ba ni hannu ya ce ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, cikakkiyar gaisuwa irin wadda ake yi wa surukai. Na tsokane shi ta kowace kusurwa, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Ban san gaisuwar mutunci na iya yi wa mutum ciwo haka ba sai a bakinsa.

Na koma zaman zaure ni kaɗai. Tayil abu ne mai kyau, ba na ci masa zarafi. Ba ya ƙura, ba ya ɗaukar dauɗa, tsumma ɗaya ya ishe shi. Amma yana da sanyi ko da rana, kuma yana mayar da sauti. In na yi tari sai zauren ya yi tari. Daɓen kakana yakan riƙe sawun wanda ya shigo, ka san jiya an yi baƙo, shi kuwa wannan ko mutum ɗari suka wuce, in an goge kamar ba a taɓa zuwa ba. Na sami abin da na yi sha'awa a ofishin babban sakatare, in na sunkuya ina ganin fuskata. Sai dai a can nakan kalle ta ne don ina jiran a kira ni. A nan ba mai kira.

Wata safiya na shiga cikin gida na tarar da mai ɗakina zaune a kan sabon tayil ɗinta tana tsince shinkafa. Na fara yi mata ƙorafin Bakano, cewa mutum ya shekara yana cin mutane, an ci shi sau biyu ya ɗauki gaba. Ta bar ni na kai aya. Sannan, ba tare da ta ɗago daga faifan ba, ta ce, "Malam, mutumin nan ba ya gani."

Na ce ba ya ganin me?

Ta ce ba ya ganin komai, an kusa shekara biyu. Matarsa ce ta faɗa mata. Na tambaye ta wa da wa suka sani, ta ce in tambayi wa bai sani ba, ya fi sauƙin ƙirgawa. Liman ya sani, mai shayi ya sani, masu napep na layin sun sani, shi ya sa suke rage gudu in sun hango lema. Na ce to ni me na yi aka ware ni? Me ya sa da na tashi shafe ramukan ba ta kama hannuna ba? Ta ce ta ce mini in bar zaure, iyakar abin da alkawari ya bar ta ta faɗa ke nan, don shi da kansa ya roƙi matarsa da ita kada a gaya mini, ni musamman.

"Ya ce tunda abin ya same shi kowa ya koma yi masa magana a hankali kamar mai jinya. 'Ya'yansa ma in ya yi faɗa sai su ce to Baba. Kai kaɗai ka rage kana zaginsa da zuciya ɗaya."

Na fito na zauna a zaure. Na tuna mai shagon Madalla da ya riƙe masa hannu tun ganin farko, na tuna tayil biyu da na kai gaban fuskarsa. Mutumin da bai taɓa ganinsa ba ya gane kafin su gama gaisawa, ni da muke haɗa gwiwa kullum ina can ina ƙwanƙwasa tayil ina sauraron abin da ban sani ba. Sau da yawa wanda ka fi kusa da shi ka daina dubansa tun tuni, hotonsa na da kake ta kallo.

Na aika aka kira ɗan Kwatano. Na nuna masa kusurwar na ce ya yanke ta, ya fasa simintin har sai ya ga ƙasa. Ya dube ni, ya dubi aikinsa, ya tambaya ko wani abu ya lalace. Na ce ba abin da ya lalace a nan. Ya kawo injinsa mai ƙara, ya yanka murabba'i tsaf, farar ƙura ta cika zauren har cikin hanci. Na sa aka ɗebo rairayi mai laushi daga bakin rafi, na tankaɗe shi da kaina, na yayyafa ruwa, na durƙusa na haƙa ramukan da yatsa, gwiwoyina na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Sannan na shimfiɗa tabarmi tun daga bakin ƙofa har kusurwar, don kan lema ya sami abin kamawa. Mai ɗakina ta leƙo ta ga farin tayil ɗina ya ɓace a ƙarƙashin tabarmi, ta koma ciki abinta.

Saura kiran mai wurin, kuma a nan dabara take. In na je da ban haƙuri, na tona cewa na sani, na kuma zama ɗaya daga cikin masu magana a hankali. Don haka na je ƙofar gidansa da hantsi na same shi zaune a kan benci, na ƙi yin cikakkiyar sallama. Na ce masa tayil ɗin nan na jabu ne, ya tsage a kusurwa, da alama a Kano aka yi shi. Na ce dole ta sa na mayar da rairayi, kuma in tsoro ne ya hana shi zuwa, ya faɗa a gaban jama'a in yafe masa.

Sannan ya tambaya ko da gaske an mayar da rairayin. Na ce an mayar. Ya ce ai ya gaya mini in ɗauki mai kaushi, amma kunnen Bazazzagi ado ne. Ban taɓa jin daɗin zagi kamar wannan ba.

Bayan la'asar sai ga kan lema a kan tabarma. Ya yi sallamarsa ta rowa, ya zauna, ya zaro guntayen karansa daga aljihu, ashe bai zubar ba. Ya miƙa hannu, yatsun suka faɗa ramin farko, suka bi layi har ƙarshe, suka dawo. Ya ce wanda ya haƙa ramukan nan bai iya ba, ya gyara bakin biyu. Muka fara zubawa.

Na yi niyyar in zama yadda nake kullum, Allah ya sani. Amma ranar ce karo na farko da na zauna ina kallon hannun nan da sanin abin da yake yi, yadda yake taɓa kan kowane kara, ya shafa kowace tsakuwa, ya riƙe dukan gidajen a kansa. Tsiyar da na shirya na kasa yi masa ita. Can wasa ya yi nisa, sai na ga wata ƙofa a buɗe: in na matsar da tsakuwa ɗaya na jera uku, na cire masa kara. Na ɗaga hannu, sai zuciyata ta karye. Na ce a raina haba, bayan duk abin da na yi masa. Na kauce, na ɗauki wata tsakuwa can gefe na tura ta inda ba ta da aiki, na ce masa saura shi, da wata murya mai laushi da ni kaina ban san ina da ita ba.

Ya miƙa hannu ya bi layin. Yatsansa ya tsaya a ramin da na ƙi shiga. Ya wuce ya sami tsakuwar da na tura, ya ɗauke ta, ya laluba ya kamo hannuna, ya danƙa mini ita a tafi.

"Mayar da ita inda ka ɗauko ta, Bazazzagi. An gaya maka, tun ɗazu nake ji a numfashinka. Da ido na ci ka, babu ido na ci ka, ba ka ga bayana ba sai da ka ɗauko ɗan Kwatano ya taya ka da siminti. Ka fara cin makahon tukuna, sannan ka ji tausayinsa."